Kare Ba Ya Hawa Keke

Shafi na 19

Na ga saƙonninku. Masu cewa Rodica ta cika sanyin jiki, na ji. Masu roƙon in daina sa su kuka a wurin aiki, ku ajiye wayar sai kun koma gida. A cikin bas na rubuta wannan, in kun ga kuskure ku ɗauke kai.

*

Sai da Inna Florica ta zagaya ɗamarar sau biyu kafin ta zauna a ƙugun Rodica. A kicin ɗin makarantar 'ya'yan baƙi 'yan ƙasashen waje suke, tururin tukunyar naɗaɗɗen kabeji yana dukan fuskarsu.

"Dubi yadda kika koma, 'yar nan. Bara rigar nan matse ki take yi."

"Ina cin abinci, Inna."

"Shayi ba abinci ba ne. Ni za ki yi wa ƙarya? Ni da nake wanke farantinki?"

 Rodica ta tsaya kamar yarinyar da ake shirya wa makaranta, tsohuwar mai girkin tana gyara mata hannun farar rigar gargajiya mai jan surfani.

Tun farkon sanyi da aka binne Horia, ɗanta ɗaya tilo, Rodica ba ta yi kuka ba. Shekararsa takwas. Mota ce ta buge shi a kan kekensa a bakin layinsu a unguwar Berceni, da yamma ana ruwa, kuma motar ba ta tsaya ba. Bayan kwana biyu dattijon direban gidan masu motar, Baba Costel, ya kai kansa wurin 'yan sanda ya ce shi ne. Yana gidan yari yanzu. 'Yar masu motar kuwa, Femke, a ajin Rodica take. Shugabar makaranta ta so a sauya wa yarinyar aji, Rodica ta ce a bar ta, ita me ta yi?

"Mijinki fa?" in ji Inna Florica. "Na gan shi yana jan benci, idonsa jawur."

"Bai yi barci ba."

"Shi yana kuka, ke kin ƙi. Kun raba aikin ke nan."

Haka ne kuwa. Dorin, mijinta, shi ke koya wa yaran makarantar ninkaya. Kullum sai ya zauna a bakin gadon Horia ya yi ta sheshsheƙa, ita kuma tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa, tana jiran wani abu ya motsa a ƙirjinta. Ba abin da ke motsawa.

"Je ki," in ji tsohuwar. "Yau ranar al'adun duniya, kowa da tukunyarsa. Matar Italiya da matar Girka sun riga sun yi faɗa a kan murhuna. In suka sake shigowa, ludayi zan ɗauka."

*

Babban zauren ya cika maƙil. Tutoci sun rataya daga wannan bango zuwa wancan. Kowace ƙasa da teburinta. 'Yan Koriya cikin siliki, 'yan Indiya ana liƙa musu ɗigo a goshi, wani uba Baturke yana ta zuba shayi ba wanda ya roƙe shi. Ƙamshin kori ya haɗu da na cukwi da na soyayyen kifi.

Rodica ta jera 'yan ajinta. Ta goge wa wannan hanci, ta ɗaure wa wancan takalmi. Iyaye suna wucewa suna taɓa mata kafaɗa.

"Malama, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Rigar nan ta yi miki kyau."

"Na gode."

Bakinta ya san amsoshin, ba sai ta sa hankali ba.

'Yan Holan sun zo da sabon abu bana. Ƙananan kekuna ruwan lemo, an ɗaura wa kowanne furanni a kwando, yaransu za su shigo zauren a kai. Iyaye sai tafi suke tun kafin a fara.

Femke ce ta ƙi hawa.

Ta tsaya da farar hularta da takalmin katako, ta ɓoye hannuwanta a baya. Uwarta, Saskia, doguwar mace mai farin gashi, ta durƙusa tana yi mata magana da yarensu ƙasa-ƙasa. Yarinyar sai girgiza kai take yi. Can ta ɓarke da ihu.

Rodica ta matso.

"Bar ni da ita, Maman Femke."

Saskia ta ɗago, ta yi saurin kawar da ido. Tun bayan hatsarin ba ta taɓa duban Rodica a fuska ba. Furanni take aikowa, da gaisuwa ta bakin wasu.

"A'a, Malama, kar ki wahala, ni zan..."

"Ana kiranki a teburinku. Wainarku na ƙonewa."

Rodica ta kama hannun yarinyar suka fita.

*

Ajin ba kowa. Rodica ta zaunar da Femke a ƙaramar kujera, ta zauna a ta kusa da ita. Ta ciro tsumma ta share mata fuska.

"Takalmin ne ke cizonki?"

"A'a."

"To mene ne?"

"Ba na son keke."

"Ke da kike 'yar Holan? An ce ku da keke ake haihuwarku."

Femke ba ta yi dariya ba. Ta ja hanci.

"Keke yana ƙara in mota ta taka shi."

Hannun Rodica ya tsaya a kan hular yarinyar.

"Wa ya gaya miki?"

"Na ji."

"A talabijin?"

"A motarmu."

A waje lasifika ta yi ƙara, wani yana gwada ta.

"Kina cikin motar ne, Femke?"

"Ina baya, a kujerata. Gashina a jiƙe, daga ninkaya muke."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai ƙum! Sai wani abu ya shiga ƙarƙashi yana ƙara. Mama ta ce kare ne."

"To ai kare ne, tunda Mama ta faɗa."

Femke ta ɗago ido ta dube ta.

"Na leƙa ta gilashin baya. Akwai keke a kwance, tayarsa na juyawa. Kare ba ya hawa keke, ko Anti?"

"Ba ya hawa."

"Ni ma haka na ce."

Rodica ta ga igiyar hular ta kwance. Ta ɗaure ta a hankali, ta daidaita kunnuwan biyu su zo daidai.

"Baba Costel ya tsorata ƙwarai, ko?"

"Ai ba ya nan. Haƙorinsa ke ciwo ranar, kumatunsa ya yi haka." Ta kumbura kumatu.

"To wa ke tuƙi?"

"Mama mana."

Rodica ta dubi hoton giwa da ke bango. Wani yaro ya yi mata ƙafa biyar. Ta daɗe tana son ta gyara.

"Mama ta yi ta ihu," in ji Femke. "Shi kuma ya ce mata ta wuce, ta wuce." Sai ta sa hannu ta rufe baki. "Anti, kar ki faɗa. Mama ta ce in na faɗa za a kulle ta, mu koma gida babu ita."

"Tashi mu je. An fara kiɗa."

"Ba zan hau keke ba?"

"Ba za ki hau ba. Tuta za ki riƙe."

*

Aka yi zagayen ƙasashe. Rodica na gaban 'yan ajinta, tana tafa hannu daidai da kiɗa. Da aka kira Japan ta yi tafi. Da aka kira Masar ta yi tafi. Wani yaro ɗan Sifen ya faɗi, ta ɗaga shi ta kaɗe masa gwiwa. Wata uwa ta ce ta tsaya a ɗauki hoto, ta tsaya, aka ce ta yi murmushi, ta yi.

Da aka sallami yara zuwa tebura, sai ta nufi na 'yan Holan.

Saskia na miƙa wa mutane busasshiyar wainarsu mai zaƙi a tsakiya.

"Maman Femke, zo ki taya ni ɗauko kofuna a sito."

"Yanzu, Malama? Bari in kira..."

"Ke nake so."

Saskia ta goge hannu a jikin rigarta. Ta biyo ta.

Siton ƙarami ne, babu taga. Kwalayen fenti da ƙwallaye da tsofaffin tutocin bara. Rodica ta kunna fitila, ta tura ƙofa.

"Ina kofunan?" in ji Saskia.

"Babu kofuna."

Rodica ta juyo ta fuskance ta.

"Yaya haƙorin Baba Costel?"

"Ban gane ba."

"Ranar da aka buge ɗana, haƙorinsa ke ciwo. Ina tambaya ko ya warke a gidan yari."

Jinin fuskar Saskia ya ɗauke.

"Wa ya gaya miki wannan maganar?"

"Wadda ke zaune a baya."

"Femke yarinya ce, Malama. Shekararta shida. Jiya ma cewa ta yi ta ga doki a banɗaki."

"Ta ce tayar na juyawa."

"Mafarki take yi. Tun da aka kama Costel take..."

"Ta baya ce ta juya. Ta gaba ta lanƙwashe. Ni na ɗauko keken daga wurin 'yan sanda."

 Saskia ta lalubi kwali ta zauna a kai. 

"Ki yi ihu mana," ta ce. "Ki mare ni. Me ya sa kike magana haka?"

"Yaya nake magana?"

"Kamar kina tambayar kuɗin tumatir."

"Ke kika buge shi?"

Saskia ta sa fuska a tafin hannu. Kanta ya yi sama ya yi ƙasa.

"Da baki nake son ji."

"Ni ce."

Rodica ta saurari ƙirjinta. Ta ɗauka in ranar nan ta zo wani abu zai fashe. Abin da ta ji kawai shi ne ɗamarar ta ɗan matse ta a gefen hagu.

"Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya," in ji Saskia, muryarta na tsinkewa. "Ban san unguwar ba. Daga bayan wata motar kaya ya fito. Na rantse ban gan shi ba, na rantse da ran Femke."

"Kar ki rantse da ita."

"Na taka birki."

"Amma ba ki tsaya ba."

"Na tsaya! Na tsaya, hannuna na kan ƙofa, zan fita."

"Likita ya ce da an kai shi da wuri da ya rayu. Kin san haka?"

"Na sani."

"Ya daɗe a kwance a cikin ruwa. Mai sayar da burodi ce ta gan shi. Ta cire rigar sanyinta ta rufa masa."

"Don Allah ki bari."

"Ba a gaya miki ba ne, shi ya sa nake gaya miki."

Ta cikin bango ana jin yara suna rera waƙa da wani yare, iyaye na tafi ba a kan ƙa'ida ba.

"Shi kuma dattijon?" in ji Rodica. "Me ya kai shi?"

"Kyamarar titi ta ɗauki lambar mota, ba ta ɗauki fuska ba. Mijina ya zauna da shi. Ban san me suka yi magana ba. Ban tambaya ba."

"Ya zo gidana kafin ya je wurin 'yan sanda. Ya durƙusa a ƙofata da hularsa a hannu. Ƙanwata ta tofa masa yawu."

"Ban sani ba."

"Bai share ba. Haka ya sauka bene da shi a fuska."

Saskia ta zamo daga kan kwalin ta dafa ƙasa.

"Zan yi duk abin da kika ce. Duk abin da kike so. Ƙarshen zangon nan za mu bar ƙasar, ba za ki ƙara ganina ba."

"Kika aiko mini da furanni."

"Ban san me zan yi ba."

"Ranar sadakar Horia na aiko miki da dafaffiyar alkama. Kin ci?"

"Malama..."

"Tambaya ce. Kin ci?"

"Na zubar."

"To."

Rodica ta jingina da ƙofa. Ta ga an jera kwalayen fenti ba daidai ba, shuɗi a cikin ja. Ta ciro shi ta mayar wurinsa.

"Mijinki ne ya ce ki wuce?"

Saskia ta ɗago da sauri.

"Me?"

"Femke ta ce wani ya ce ki wuce. Mijinki ne?"

"Mijina ba ya ƙasar ranar."

"To wa?"

"Babu kowa. Ta ruɗe ne."

"Ba ta ruɗe a kan keke ba."

"Ki bar shi a kaina. Ni ke tuƙi, ni ce mai laifi. Ki kira 'yan sanda yanzu, zan faɗa musu ni ce. Ni kaɗai."

Rodica ta dube ta. Ɗazu matar nan ke roƙon a bar ta ta gudu. Yanzu ita ke neman a kira 'yan sanda.

Sai wata tambaya ta zo mata, wadda ba ta taɓa yi wa kanta ba tun farkon sanyi.

"Gidanku yana nan Pipera, bayan makaranta."

"E."

"Berceni tana can ɗaya ƙarshen gari. Babu kantinku a can, babu ƙawayenki. Da aka ce Baba Costel ne, na ɗauka gida za shi. Ke me ya kai ki layinmu?"

Rodica ta matso kusa da ita.

"Da yarinya a baya, gashinta a jiƙe. Ana ruwa. Me ya kai ki?"

"Rage wa mutum hanya na yi."

"Wa?"

"Ba shi da laima. Bas ta wuce shi. Femke ce ma ta ce mu ɗauke shi."

"Femke ta san shi ke nan."

"Malama, na roƙe ki."

"Daga ninkaya kuke."

Saskia ta fara kuka mai sauti, tana toshe baki da gefen rigarta.

"Bai san ko wane ne ba. Na rantse bai sani ba. Bai gani ba, ƙasa yake kallo, yana neman wayarsa. Da muka ji ƙarar sai ya riƙe mini hannu. Ya ce kare ne, unguwar cike take da karnuka. Ya ce kar in tsaya a nan, kowa ya san shi a layin, in aka gan shi a motata magana za ta tashi."

"Wace magana?"

Saskia ta kawar da kai.

"Don an rage wa mutum hanya magana ke tashi?"

Saskia ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa gwiwa.

"Na sauke shi a bayan kasuwa," ta ce da ƙyar. "Ya ce zai ɗan zauna a shagon giya ruwa ya tsagaita. Sai da dare ya kira ni. Ban gane muryarsa ba."

Rodica ta tuna yammacin. Horia ya ɗauki babbar laima ya saƙala a keke. Ya ce zai je tashar bas ya taryi babansa kar ruwa ya dake shi. Ta ce ya sa hula. Ya ce to, bai sa ba.

Ta ji ƙafafunta sun yi nisa da ita, kamar na wata. Amma suna riƙe da ita.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Rodica? Kina ciki? Inna Florica ta ce nan kika nufa."

Saskia ta daskare.

"Shugaba na nemanki," in ji muryar. "'Yan ajinki ne za su hau dandamali, sun ƙi tsayawa a layi."

Rodica ta juya ta buɗe.

Dorin ne tsaye, da naɗaɗɗiyar tuta a hammata, gumi a goshinsa, idanunsa a kumbure kamar kullum. Ya fara murmushin gajiya, sai ya hango wadda ke durƙushe a ƙasa.

Murmushin ya tsaya a rabi.

"Shigo, Baban Horia."

Rabon da ta kira shi da wannan sunan tun ranar jana'iza.

"Yara na jira," ya ce.

"Za su jira. Shigo ka rufe ƙofa."

Ya shigo. Bai rufe ba. Ita ta miƙa hannu ta tura.

"Ranar nan ka ce mini bas ce ta makara."

"Rodica, wace rana kuma?"

"Ka san ranar."

Tutar ta zame daga hammatarsa ta warware a ƙasa. Ba wanda ya sunkuya.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," ta ce, muryarta ba hawa ba sauka. "Da ka ji ƙarar keken ɗanka a ƙarƙashin mota, me ka ce mata?"

Dorin bai dubi matarsa ba.

Saskia ya duba.